Zankon da Aka Datse

Zanen farko da na taɓa sayarwa ta waya na wani tsohon gida ne a cikin birnin Kano, ta wajen Kurmi, mai soro da zanko biyu a sama da dagi a goshin ƙofa. Da fentin ruwa da tawada na yi shi. Na ɗauki hotonsa na sa a Instagram ba da niyyar ciniki ba, sai ga saƙon wata baiwar Allah daga Kaduna, wai gidan sak na kakanninta, nawa zan bar mata. Asalin zanen ban ji zan iya rabuwa da shi ba, don haka muka daidaita a kan zan buga mata kwafi. Na je shagon da nake buga takardu tun ina makaranta, aka fitar mini a A4, na zura a ambulan ruwan ƙasa, na kai tasha.

Bayan mako guda ta turo mini hoto, tana ta godiya da sa albarka. Ga zanen a bangon falonta cikin firam mai ruwan gwal. Na buɗe hoton na ja shi da yatsa, sai na ji gabana ya faɗi. Babu zanko. Gidan ya tsaya ƙuru kamar dattijon da iska ta ɗauke wa hula a bainar jama'a. Daga ƙasa kuma sa hannuna ya tafi, sai ɗan kan harafi ɗaya da ya leƙo. Mai firam ɗinta ya ɗauko firam mai inci 8 da 10, ya ga takarda ta fi shi tsawo, ya sa reza. Tsawon A4 santimita 29.7 ne, inci 10 kuwa 25.4, kun ga sama da santimita huɗu ke nan da dole su tafi, shi kuma ya raba su sama da ƙasa. Na rubuta mata "Ma sha Allah, ya yi kyau," na kife wayar.

Kwana biyu ina jin haushin mutumin da ban taɓa gani ba. A na uku na ɗauki wani kwafin na tafi wurin wani dattijo mai haɗa firam a Sabon Gari, wanda ya yi wa yayata firam ɗin hotunan bikinta. Da faɗa na je, amma ganin furfurarsa ya sa na sassauta.

"Baba, don Allah me ya sa kuke yanke wa mutane hoto?"

Ya ɗago ya dube ni ta saman tabarau. "'Yata, mu ba ma yanka sai abin da ya ƙi shiga. Wa ya ce ki kawo wanda ba ya shiga?"

Ya tashi ya bi bango yana nuna mini da sanda: 5 da 7, 8 da 10, 10 da 12, 12 da 16, 16 da 20, 20 da 24. Duk da inci. Awon masu ɗaukar hoto ke nan, domin mafi yawan abin da ake kawo masa hoton aure ne, da na suna, da na kammala makaranta, da na alhazai. Na A4 ma akwai, amma irin na saka takardar shaida ne, siriri baƙi, wanda in ka sa zane a ciki sai ya koma kamar lasisin shago. In kana son wani awo daban zai yanka maka daga doguwar sanda, ya yanka gilashi, amma kuɗin ya ƙaru kuma sai ka dawo gobe ko jibi. Ya ce mutum goma in suka shigo, da wuya biyu su yarda su jira. Kowa so yake ya fita da abinsa a hannu.

A nan na gane cewa tsakanin awo iri biyu nake tsaye ban sani ba. Shagon buga takarda da milimita yake magana, mai firam da inci. Awon A kuwa, wanda Jamusawa suka tsara tun 1922, yana da wata hikima: A0 murabba'in mita ɗaya ce, in ka ninke ta biyu ka sami A1, ka sake ninkewa A2, har zuwa A4 da A5, kuma siffar ba ta canzawa. Zanen da ya zauna a A4 zai zauna daram a A3 ba tare da an taɓa gefensa ba. Awon hoto ba shi da wannan ladabin. 8 da 10 siffarsu ɗaya da 16 da 20, amma 12 da 16 daban take, 5 da 7 daban, 10 da 12 ta kusa zama murabba'i. Ke nan zane ɗaya ba zai cika dukkansu ba sai an yanke wani abu, ko an miƙe shi ya zama kamar fuskar mutum a bayan cokali.

Lokacin kuwa ni har na rubuta jerin girma biyar a shafina, daga A5 zuwa A1, da farashin kowanne, ina jin na zama 'yar kasuwa. Na goge shi a daren.

Wurin da na ƙarasa karatun shi ne wata maɗaba'a da ke da babban injin buga kati, irin wanda suke kira DI, da ake buga katin biki da kalanda. Yaron da ke kan kwamfutar bai kai ƙanena ba, amma ya san aikinsa. Ya ce, "Anti, mu fa da falle muke lissafi. Ko ɗigo ɗaya kika buga a kai, kuɗin falle za ki biya." Fallen nasu shi ake kira SRA3, santimita 32 da 45, ya ɗan fi A3 kaɗan don a sami wurin yanka. Na ari rula a teburinsa na zauna ina lissafi a bayan rasit. 12 da 16 na inci santimita 30.5 da 40.6 ne, ya shiga falle ɗaya cif. 8 da 10 biyu suke shiga. 5 da 7 huɗu. Falle guda, girma uku, kuma dukkansu akwai firam ɗinsu a rataye a shagon Baba da na kowane mai firam daga nan har Sakkwato. Ban ƙara neman wani abu ba. Waɗannan ukun su ne hajata har yau. 16 da 20 ba ya shiga wannan injin, sai a kai shi ga babban inji mai bugawa a naɗin takarda, don haka na mayar da shi na oda: sai an biya nake bugawa.

Saura matsalar siffa, kuma farin gefe ne ya raba gardamar. Da can ina ganin barin fari a gefen zane ɓarnar takarda ce, ina so fenti ya cika har baki. Yanzu kafin in ɗiga ruwa a takarda nake ja akwati da fensir, santimita 24 da 30, wanda siffarsa ɗaya da 8 da 10, in yi zanena a ciki. In za a buga a 12 da 16, sai a sa zanen ya zama inci 10 da 12 da rabi, a bar inci ɗaya dama da hagu, ɗaya da rabi a sama, biyu a ƙasa inda nake sa hannu da fensir. Farin ya shanye bambancin. Leɓen firam da kansa yana cin kamar rabin santimita ta kowane ɓangare, to fari yake ci. Kuma in ma an sami mai reza da hannunsa ke ƙaiƙayi, sai ya gama da farin kafin ya isa zanko.

Akwai abin da ya ba ni kunya a maɗaba'ar nan, gara in faɗa. Ranar farko da waya na tura wa yaron zanen ta WhatsApp, yadda ake tura hoton biki. Ya buɗe a kwamfuta ya faɗaɗa, layukan tawadar nan da na ɓata dare ina ja suka zama kamar tsani. Ashe WhatsApp matse hoto yake yi in ba a matsayin fayil ka tura ba. Ko ba a matse ba ma, lissafin ba ya kaiwa. Bugu mai kyau yana son ɗigo 300 a kowane inci, ke nan cikakken 12 da 16 yana son ɗigo 3600 da 4800, 16 da 20 kuwa 4800 da 6000. Kyamarar wayata mai megafiksel 12 tana ba da 4000 da 3000 ne, kuma a ciki har da tebur da inuwar hannuna. Dole na nemi inda ke da babban injin hoton takardu mai ɗaukar A3, aka yi mini sikanin a ɗigo 600. Zanen santimita 24 da 30 a haka yana ba da kusan 5600 da 7000, ya ishi kowane girma da nake sayarwa. Ina tsayawa a kansu su goge gilashin injin tukuna, musamman da hunturu, in ba haka ba kowace ƙwayar ƙura sai ta fito a sararin samaniyar zanen kamar tsuntsu.

Sai launi. Ina da zanen marinar Ƙofar Mata, wadda ake cewa tun 1498 ake rini a cikinta, da ramukan baba da zannuwa a shanye. Duk ƙarfin zanen a shuɗin yake. A waya yana fita har ka ji kamar ka taɓa. Da injin ya fitar, sai ga shi ya koma shunayya, kamar an rina da zoɓo. Fuskar waya da haske take haɗa launi, ja da kore da shuɗi. Injin kuwa da tawada huɗu, kuma shuɗi mai duhu yana cikin abin da ya fi ba shi wahala. Yaron ya ce in bari ya ƙara haske, na ce a'a. Muka yanko wuri ɗaya daga zanen muka jera shi sau takwas a falle guda, kowanne an ɗan rage masa ja fiye da na baya, muka sa lamba. Na fita da fallen waje na duba a hasken rana tare da asalin zanen, domin fitilar shagon ƙarya take yi. Na biyar ne ya yi. Tun daga ranar ba na buga sabon zane sai an yi fallen gwaji, kuma ba na canza shago ko takarda a tsakiyar aiki, ko da wani ya yi mini ragi. Araha ba ta ado.

Takarda ba ta ɗauke ni lokaci ba. Kati mai nauyin giram 300 marar sheƙi. Mai sheƙin ya fi ɗaukar ido a hannu, amma a bayan gilashi walƙiya biyu ke nan, kuma da damina yakan manne da gilashin. Akwai wanda ya ba ni shawara in buga manyan a kan ledar da ake yin allon 'yan takara, wai ba ruwanta da ruwa. Na yi masa godiya.

Abin da ban zata ba shi ne mutane ba sa ganin awo a kansu. Ka rubuta 12 da 16, a tambaye ka "babba ne?" Wata ta biya kuɗin 8 da 10 tana zaton zai cike bangon da ke bayan kujera mai zaman mutum uku, da ya iso ta kira ni rai a ɓace. Ba laifinta ba ne. Abin da na yi, na manna girma ukun a bangon falonmu a saman kujera, na sa ƙanwata ta zauna a ƙasa, na ɗauki hoto ɗaya. Shi nake tura wa kowa. In kuma a waya muke magana sai in ce ƙaramin kamar katin gayyatar biki, na tsakiya ya ɗan gaza takardar A4 ta ofis, babban kamar madaidaicin tire. Nan take ake ganewa.

Da tafiya ta yi tafiya na lura kowane girma da mutanensa, kuma ba kowane zane ke tafiya a kowane girma ba. Ƙananan ɗalibai ke saya, da masu neman tsaraba, da masu komawa ƙasar waje da za su zura a aljihun akwati. Na tsakiya na teburin ofis ne. Manyan na falo ne, kuma kasuwarsu ta fi tashi lokacin bukukuwa, wurin masu jere, waɗanda ba sa sayen ɗaya, uku suke so a jera. To a falo mutane da yawa ba sa son rataya hoton mai rai, tunda a nan ake sallah. Zanen mahayan Hawan Daushe da nake alfahari da shi, wanda ya fi kowanne samun yabo a intanet, na buga shi babba har ashirin saboda yabon nan. Huɗu na sayar. Ƙofofin gari da soraye da zayyana su ke tafiya a babba. Dawakan kuwa a ƙarami suke gudu. Sauran sha shidan na jinginar da su a bayan durowa, watan Agusta ya zo, danshi ya bi bango ya yi musu ɗigo-ɗigo ruwan ƙasa. Yanzu ba na buga fiye da falle biyar na abu ɗaya sai na ga ya motsa, balle tun daga tsakiyar 2023 da darajar naira ta zube, kati da tawada duk daga waje suke, farashin da ka buga da shi wannan watan ba shi za ka tarar wata mai zuwa ba.

Na taɓa gwada sa wa kwafi lamba yadda ake yi, 7/30, alamar na bakwai cikin talatin da za a taɓa bugawa. Wani bawan Allah ya tambaye ni ko maki ne malamina ya ba ni. Na ci gaba da sa wa manyan, amma da kalmomi nake rubutawa yanzu.

Maganar kunshi kuwa, duk abin da na sani asara ce ta koya mini. Ambulan ruwan ƙasan nan na farko sa'a kawai ya ci. Na uku da na aika Zariya, yaron mota ya ninke shi biyu ya cusa a aljihun ƙofa don kada ya ɓata, da kyakkyawar niyya. Kati in ya karye ya karye, ko dutsen guga ba ya mayar da shi. Na fahimci duk abin da hannu zai iya lanƙwasawa, to za a lanƙwasa shi a hanya, ko da ka rubuta gargaɗi da ja.

Ga yadda nake yi yanzu. In shimfiɗa farar takarda marar rubutu a fuskar zanen, in zura shi a farar leda mai manne baki, irin wadda 'yan kasuwar Kantin Kwari ke saka mayafi da hula a ciki. Ita ce maganin ƙura da yatsun mutane. Sai in yanko kwali biyu da suka fi zanen da santimita biyu ta kowane gefe. Sirrin yana wurin jijiyar kwalin: in ka duba bakinsa za ka ga ramuka a jere, ta tsawonsu yake da ƙarfi, ta ɗaya ɓangaren kuwa da sauƙi yake karyewa. To ɗaya jijiyarsa a tsaye, ɗaya a kwance. Haɗa su haka ka gwada lanƙwasawa ka ji. Ina manne kusurwar ledar a jikin kwalin da salatif don kada zanen ya yi yawo ya daki gefe, amma salatif ba ya taɓa takardar ko kusa. In rufe, in bi baki huɗu da babban salatif, sannan in sa duka a wata leda mai kauri. Da damina leda biyu.

Kwalin ma ba kowanne ba. Daga masu sayar da talabijin da firji nake karɓa, nasu ya fi kauri kuma ba abin da ya zuba a ciki. Na taɓa amfani da na sabulu, matar da ta karɓa a Jos ta ce zanen yana ƙamshi, tana tsammanin da gangan na fesa masa turare. Na biskit kuma kiyashi ya biyo. Na man gyaɗa ko na kifi, kada ma a fara.

A tasha ba na miƙa wa ɗan kamasho in juya. Ina jira in ga direban da idona, in karɓi lambarsa da ta motar, in ɗauki hoton kunshin a hannunsa in tura wa mai kaya. Kuma ina roƙon inda za a ajiye: a tsaye a bayan kujera, ko a saman kaya. Ban da but, inda buhun masara da jarkar manja suke, ban da gaban gilashin mota, inda ranar Kano zuwa Abuja za ta gasa shi ya bankare. Wata rana na kai wata zayyana mai Bisimilla a tsakiya, na ga ana shirin jefa ta ƙarƙashin kujera inda ake taka ƙafa. Na ce, "Malam, akwai sunan Allah a ciki fa." Mutumin ya yi saurin ɗagowa da hannu biyu, ya ce, "Subhanallahi, Hajiya ai sai ki faɗa tun farko," ya share wuri a can sama ya ɗora. Ban taɓa ganin kayana sun sami irin wannan gata ba. Shaiɗan ya raya mini in riƙa faɗin haka a kan kowane kunshi, har da na dawakai. Ban yi ba. Amma masu ayar ina rubutawa a bayansu ɓaro-ɓaro, kuma fallen gwajinsu ba na barin shi a kwandon sharar maɗaba'a, gida nake tahowa da shi in ƙona.

Asarar da ta fi yi mini ciwo ta gilashi ce. Wata uwar amarya a Abuja ta yi odar ƙofofi uku, 12 da 16, ta ce lallai da firam ɗinsu take so, ba ta da lokacin yawo. Baba ya haɗa su tsaf. Na naɗe kowanne da tsohon zani, na sa soso a kusurwa, na ɗaure a kwali, har ina yaba wa kaina. Biyu suka isa lafiya. Na ukun gilashin ya tsage, tsagin ya yi ta gogar zanen tun daga hanya har ya yanke Ƙofar Nassarawa gida biyu. Saura kwana huɗu jere. Na sake bugawa da kuɗina, na sake biyan mota, ta nemi mai firam a can, launin firam ɗin bai zo ɗaya da sauran ba. Ribar ukun duka ta tafi har da ɗoriya. Da na ba Baba labari bai yi mamaki ba, ya ce, "Gilashi ba ya son tafiya, 'yata. Shi ɗan zaman gida ne." Daga ranar, firam mai gilashi a cikin gari kawai, ni da kaina a adaidaita sahu, a kan cinyata. Na wajen gari takarda nake aikawa, in rubuta a ɗan kati awon firam ɗin da za a nema, da roƙon kada a yanka. Na gwada roba mai kama da gilashi, ba ta fashewa, sai dai tana karcewa, kuma da hunturu tana jan ƙura kamar an kira ta.

Na 16 da 20 kwali ba ya riƙe shi, faɗinsa ya yi yawa. Naɗe shi ake yi. Bututun kwali na musamman ban same shi a kusa ba, sai na je wurin masu kayan famfo na sayi bututun roba mai faɗin inci 3, aka yanka mini santimita 46-46, da murafunsa. Kati mai giram 300 ba ya naɗuwa, tsagewa yake, don haka manyan a takarda mai kamar giram 200 ake buga su. Kuskuren da na yi da farko shi ne na saki naɗin a cikin bututun ya buɗe ya kama bango, mai karɓa ya yi ta ja da farce har ya yaga baki. Yanzu ina naɗewa ya fi bututun sirantaka, in ɗaure da zoben takarda, in cusa takarda mai laushi a kai da gindi, yadda da an karkata zai sulalo. Murfin da salatif nake kamawa ban da gam, domin bututu rufaffe abin tuhuma ne a shingen bincike, gara a buɗe cikin sauƙi a mayar da a fasa. Ina gaya wa mai kaya ya shimfiɗa shi ya danne da littattafai kwana ɗaya ko biyu kafin ya kai wa mai firam.

Ƙasar waje sau kaɗan na aika, kuma a nan na san cewa kamfanonin jirgi irin su DHL ba nauyi kaɗai suke aunawa ba, har da wurin da kaya ya ci. Tsawo sau faɗi sau kauri da santimita, a raba da 5000, in abin da ya fito ya fi nauyin sikeli to shi za ka biya. Kunshina na kwali mai 35 da 45 da 2 bai kai kilo ɗaya ba ta kowace hanya. Zane mai firam a akwatin 50 da 65 da 8 kuwa ya haura kilo biyar a lissafinsu, kuɗin jirgin ya ninka kuɗin zanen. Kafin in buga wa na waje ina tambayar inda yake. A Amurka da inci suke, 8 da 10 da 16 da 20 suna ko'ina, kuma suna da 11 da 14 da mu ba mu cika gani ba. A Ingila firam ɗin A4 da A3 ya fi sauƙin samu. Tunda farin gefe ke ɗaukar bambancin, sauya takardar kawai nake yi, zanen yana nan yadda yake.

Duk waɗannan, leda da kwali da salatif da bututu da kuɗin adaidaita zuwa maɗaba'a da fallen gwaji da wanda injin ya ɓata, da can ba na sa su a lissafi. Kuɗin bugu kawai nake cirewa in ce sauran riba ce, ga ciniki ana yi amma jaka ba ta nauyi. Mahaifiyata, wadda ta shekara talatin tana sayar da atamfa a cikin gida, ita ta karɓi littafina wata rana ta duba, ta ce, "Ke ledar kyauta ake ba ki?" Ta sa na rubuta komai har allurar da ban saya ba, ta ce in ƙara kuɗin kwafi ɗaya a kan kowane goma saboda wanda zai lalace a hanya.

Matar Kaduna kuwa ta daɗe a raina. Kusan shekara guda bayan nan na buga gidan a 8 da 10, da farin gefensa da zankayensa biyu da sa hannuna, na kunshe shi a kwali mai jijiya biyu, na aika mata ban karɓi ko sisi ba. Na haɗa da ɗan rubutu cewa na farkon an yanke masa kai, wannan shi ne cikakken. Da yamma ta kira ni tana dariya.

"Ƙanwata, wallahi sai yanzu da na jera su na lura. Ashe gidan da zanko?"

Ta ce sabon zai hau bangon falo. Tsohon kuma ba za ta yar ba, ta mayar da shi kicin.